Ɗakin kwamfutar makarantarmu: rajistar sauya manhaja da asusun masu yin ta

Asabar, 6 ga Satumba, 2025

Kwamitin makaranta ya zauna bayan La'asar, an kuma ba ni izinin sauya wa kwamfutocin ɗakin karatu babbar manhaja. Guda goma sha ɗaya ne, duk laftof tokumbo da wani tsohon ɗalibi ya saya wa makarantar shekarun baya: HP shida, Dell huɗu, sai wata 'yar ƙarama da ko murfin batir ba ta da shi. Da su muke koya wa 'yan Islamiyya da matasan nan Tudun Wada buga rubutu da lissafi a tebur da cike fom a intanet, ranakun Asabar da Lahadi da daren Laraba.

Abin da ya sa ake gaggawa shi ne ranar 14 ga Oktoba kamfanin Microsoft zai daina aiko wa Windows 10 gyaran tsaro na yau da kullum. Windows 11 kuwa ba ta karɓar ko ɗaya daga cikin namu. Tana neman abin da ake kira TPM 2.0, da firosesar Intel ta zubi na takwas zuwa sama, mu kuwa mafi sabunta a ɗakin zubi na bakwai ce. Kamfanin ya buɗe ƙofar ƙarin shekara guda, amma sai ga mai Windows ta halak. Fiye da rabin namu kirak ne a kansu, wato Windows marar lasisi, a haka aka sayo su daga kasuwa.

Na zaɓi Linux Mint 22.2, babbar manhaja ta kyauta da ke maye gurbin Windows, wadda ta fito a makon nan, nau'in da ake kira Xfce saboda ba shi da nauyi. Za a ci gaba da kula da ita har 2029. Masu ita sun ce ram na 2GB ya isa ta tashi, 4GB kuma a yi aiki cikin natsuwa, da fili 20GB a ma'ajiya.

Alhaji ma'aji ya tambaya, "Malam, nawa ne lasisin kowace ɗaya?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ko kwabo ba a biya."

Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "To abin da ba ka saya ba, in ya lalace wa za ka kama?"

An ware mini N60,000 na data da filashi da mai da ɗan abin da ba a rasa ba.

Laraba, 10 ga Satumba

Saukewa kawai ta cinye dare biyu. Fayil ɗin ya kusa 3GB. Na sayi data ta N7,500, kuma tun da hukumar NCC ta yarda a ƙara kuɗin kira da data a farkon shekarar nan, kowane giga sai mutum ya ji shi a jikinsa. Na fara bayan sha biyun dare lokacin da layi ke sakin jiki. Can wajen Asuba sabis ya ɗauke, ya dawo, burauza ta ci gaba daga inda ta tsaya, ta kuma nuna an kammala.

Ba a kammala ba. Masu Mint suna ajiye wata doguwar lamba da ake kira SHA256 tare da kowane fayil. Kana lissafa ta fayil ɗinka, in ko harafi ɗaya ya saɓa da tasu to wani abu ya lalace a hanya. Tawa ba ta ko yi kama da tasu ba. Maimakon in sake daga farko, sai na ɗauko hanyar torrent, na nuna mata gurgun fayil ɗin. Ita tana bin sa ne gutsure-gutsure, ta bar masu lafiya, ta sake jawo waɗanda suka lalace kaɗai. Abin da ta ci bai kai rabin giga ba, lamba kuma ta dace.

Masu cewa ɗora Linux ya zama aikin minti goma sha biyar ba ƙarya suke yi ba, amma daga lokacin da filashi ya riga ya shiga kwamfuta suke fara ƙirge.

Asabar, 13 ga Satumba

Filashin da na saya N6,000 a wani shago cikin gari na jabu ne. A jikinsa an rubuta 32GB, kwamfuta ma 32GB take nunawa, amma da na kwafa manhajar tare da wasu fayiloli sai abubuwa suka riƙa ɓacewa. Na gwada shi da H2testw, wadda ke cika filashi dam sannan ta karanta abin da ta rubuta. Gaskiyarsa bai kai 8GB ba. Na koma, yaron shagon ya rantse shi ma haka aka kawo musu. Da kyar ya karɓa, na cika N2,500 ya ba ni wani. A gabansa na gwada wannan, ya tsaya yana kallo har ya ce in tura masa manhajar gwajin a waya.

Na sa Ventoy a sabon filashin. Amfaninta shi ne sau ɗaya ake shirya filashi, bayan haka kwafa fayil kawai za ka yi kamar yadda ake kwafa hoto, kuma manhajoji da yawa na iya zama a ciki ka zaɓi wadda kake so.

Da yamma na ɗora ta farko a kan HP. Ana kunna ta a danna F9 a zaɓi filashi (a Dell F12 ne). Mint na tashi gaba ɗayanta daga filashin ba tare da ta taɓa abin da ke cikin kwamfutar ba, ka gwada sauti da kibod da kyamara ka tabbatar komai na aiki. In ka gamsu sai ka danna alamar ɗorawa. Tambayoyinta ba su da yawa: harshe, tsarin kibod, ko kana son kayan kunna bidiyo da sauti, ko a share ma'ajiya duka ko a bar Windows a gefe, yankin agogo (Legas ake zaɓa wa Najeriya), sai suna da kalmar sirri. Kafin in dawo daga sallar Magariba ta gama.

Na shekara da shekaru ina yi wa mutane fomatin. Na san wahalar neman direba (manhajar da ke sa kowane sashe na kwamfuta aiki) ɗaya bayan ɗaya, na sauti daban, na allo daban, sannan a nemo Office, sannan a nemo abin da zai buɗe PDF. Nan ana tashi na tarar da Firefox da LibreOffice suna jira. Wani ya zauna ya yi tunanin kowace tambaya da za a iya ɗauke wa mai ɗorawa, ya ɗauke ta. Wannan tunanin ya tsaya mini a rai har na kwanta.

Lahadi, 14 ga Satumba

HP biyu. Babu matsala. Kafin a share kowace, ina kwashe takardun malamai zuwa wata ma'ajiya ta waje da shugaban makaranta ya ara mana.

Asabar, 20 ga Satumba

Yau aka sha rana. Ragowar HP ukun sun ɗauki manhajar lafiya, amma biyu daga ciki ba sa ganin Wi-Fi ko kaɗan, alamar ma babu ita. Katinsu na Broadcom ne, direbansa kuma ba buɗaɗɗe ba ne, shi ya sa ba a kunna shi kai tsaye. A Mint akwai Driver Manager mai gano irin wannan ya ba ka ka danna, sai dai ya nemi intanet, intanet ɗin kuma shi ne babu. Na haɗa wayata da igiyar caja, na kunna raba data ta USB, kwamfutar ta ɗauka nan take. Direban ya sauka, aka sake kunnawa, Wi-Fi ya bayyana a ɗaya. Ɗayar ta ƙi har sai da na shiga BIOS, saitin da ke tashi kafin babbar manhaja, na kashe wani tsaro da ake kira Secure Boot.

Dell kuma nasu salon daban. Biyu masu sabuwar ma'ajiya ta NVMe, mai ɗorawa ya ce sam bai ga inda zai zuba manhajar ba, ya kawo wani saƙo a kan Intel RST. Maganin yana cikin BIOS: a danna F2, a nemo SATA Operation, a mayar da shi AHCI daga RAID. Aikin minti biyu ne ga wanda ya sani. Ga wanda bai sani ba, a nan zai rufe kwamfutar ya ce abin ba ya yi. Na rubuta matakan a takarda da Hausa na manna a bango.

Dell ɗaya na bari da Windows ɗinta, don ita lasisinta na gaske ne, kuma ban san abin da gobe za ta kawo ba.

Sabuntawa ita ce ta so ta cinye mu. Kowace kwamfuta bayan ɗorawa tana neman ɗaruruwan megabait, kuma abu ɗaya ne dukansu suke jawowa. Na sa apt-cacher-ng a kan ɗaya, sauran suna bi ta wurinta: ta farko ta sauke daga waje, na baya su ɗiba daga cikin ɗaki. Na kuma sauya rumbun da muke saukewa zuwa wani na Afirka ta Kudu da ya fi sauri a gwajin da manhajar ke yi da kanta.

Man janareta N5,000. Ƙarin data N7,500.

Alhamis, 25 ga Satumba

Ruwa tun Azahar, wuta babu tun jiya. Ban je ba.

Asabar, 27 ga Satumba

Na kai wa kwamiti rahoto: tara sun koma Mint, ɗaya na kan Windows, ƙaramar na jira. An kashe N28,500. Sannan na kawo maganar da na yi mako biyu ina juyawa, cewa ina son makaranta ta aika wa masu yin manhajar wani abu.

Alhaji ma'aji ya cire tabarau. "Malam, kai da bakinka ka ce kyauta ce."

"Haka ne, ranka ya daɗe."

"To Turawan da suka fi mu komai, mu da ke da marayu talatin da ba su biya kuɗin zango ba, mu ne za mu tara musu?"

Maganarsa tana da nauyi, ban kuma ɗauke ta da wasa ba. Na bayyana abin da na sani. Mint ba kamfanin attajirai ba ce. Wani Bafaranshe mai suna Clément Lefebvre ya fara ta a 2006, kuma har yau 'yan mutane kaɗan ne ke riƙe da ita. Abin da ke biyan masu aikin da na'urorin da duniya ke saukewa daga gare su shi ne gudummawar masu amfani da masu ɗaukar nauyi da ɗan talla. Duk wata suna fitar da jerin waɗanda suka bayar da abin da kowa ya bayar, daga mai ɗaruruwan daloli har mai dala ɗaya. Ita kanta Mint a kan Ubuntu aka gina ta, wadda kamfanin Canonical na Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ke fitarwa tun 2004. Ubuntu kuma a kan Debian take zaune, aikin 'yan sa-kai da Ian Murdock ya kafa a 1993. Can ƙasa kuma akwai ƙwayar Linux da Linus Torvalds ya fara a 1991 yana ɗalibi a Finland. Canonical na da kasuwancinsa, ƙwayar Linux kuma manyan kamfanoni na biyan masu yi mata aiki. Masu buƙatar ɗan abin hannun mutane irinmu su ne Mint da Debian.

Na kuma yi masa lissafi irin wanda yake so. Da masu gyara muka kai wa, N5,000 ake karɓa kan kowace kwamfuta a yi fomatin a zuba kirak. Goma sha ɗaya N55,000 ke nan, kuma bayan shekara a sake. Sauƙin nan da ya sa na gama tara ni kaɗai, ba daga sama ya faɗo ba, albashin wani ne da lokacin wani.

Shugaban makaranta, wanda tun ɗazu bai ce komai ba, ya tambaye ni ko akwai haƙƙinsu a kanmu in ba mu biya ba. Na ce, "Allah ya gafarta Malam, babu. Lasisin da suke bi, GPL da ire-irensa, ya yarda a kwafa, a raba, a gyara, har a sayar, muddin wanda ka ba shi ma ya samu irin wannan dama."

Ya ce to ba bashi ba ne, kada a kira shi bashi. Amma rijiyar unguwa ma ba a sayar da ruwanta, kuma ranar yasa duk mai ɗiba yakan kawo abin da ya sawwaƙa, in ba haka ba wata rana a wayi gari sai laka.

Hajiya shugabar sashen mata ce ta raba gardamar. Ta ce kada a taɓa asusun makaranta, kuɗin marayu na marayu ne. A ajiye gwangwani a ɗakin kwamfuta, mai so ya jefa. Sannan duk wanda ya kawo tasa daga waje a ɗora masa, ya biya N2,000: N1,000 na data da mai, N500 na yaron da ya yi aikin, N500 na gwangwani. Alhaji ya ce in dai haka ne shi ba shi da ta cewa, amma shi zai riƙe makullin.

Laraba, 1 ga Oktoba

Hutu. Na ƙara wa HP biyu ram zuwa 4GB, N12,000 duka biyun. An kafa gwangwanin kusa da ƙofa.

Asabar, 4 ga Oktoba

Ƙaramar ta ƙi Mint 22.2, kuma ba za ta taɓa karɓa ba. Firosesarta Atom ce ta tsohon tsarin 32-bit, babban nau'in Mint kuwa ya bar wannan layin tun fitowa ta 20 a 2020. Debian 13 da ta fito a Agustan bana ita ma ba ta da mai ɗorawa na irin waɗannan. Sai na koma Debian 12 ta 2023, wadda har yanzu ake kula da ita kuma tana da na 32-bit.

A nan na ga bambancin da nake ta faɗa wa kwamiti da ido. Mai ɗora Debian ba shi da aibu, bai tsaya ko sau ɗaya ba, kuma tun daga ta 12 yana zuwa da direbobin Wi-Fi da a da sai ka nemo da kanka. Amma tambaya yake yi kamar alƙali: sunan kwamfuta, sunan yanki, kalmar sirrin babban mai iko daban da ta mai amfani, yadda za a yanka ma'ajiya, rumbun da za a ɗebo kaya, ko ka yarda a riƙa ƙirga manhajojin da kake amfani da su, wace fuska kake so, a ina za a ajiye GRUB, manhajar da ke tayar da ita in an kunna kwamfuta. Kowace tambaya tana da dalili, kuma wanda ya san abin da yake yi zai ji daɗin an tambaye shi. Ɗalibina na aji biyu ba zai wuce ta huɗu ba.

Duk da haka Debian ce ta tsaya wa wannan 'yar tsohuwa mai ram 1GB. Na sa mata LXDE, wata fuska marar nauyi. Burauza tana ja da ƙyar, amma buga rubutu lafiya lau, kuma shi muke nema a wurinta. Ina ganin in an tashi aikawa bai kamata a manta da su ba. Su ta hannun wata ƙungiya a Amurka mai suna Software in the Public Interest ake ba su.

Talata, 14 ga Oktoba

Ranar da ake ta faɗa ta zo. Windows 10 ba ta mutu a kan kowa ba, tana tashi kamar jiya, gyara ne kawai ya tsaya. Na cire Dell ɗin da ta rage daga intanet gaba ɗaya.

Labari ya bazu a unguwa fiye da yadda na zata, har da ƙari: wai Malam yana sa wa kwamfuta abin da bairos ba ya kamawa har abada. Ina gyara wa duk wanda ya zo da wannan. Zuwa yau an kawo bakwai daga waje, har da wani mai shagon buga takardu daga Unguwar Sanusi. Shi na hana shi. CorelDRAW yake ci da ita, ba ta kuma aiki a Linux. Akwai Inkscape mai irin aikinta, amma ba a koya wa mutum sabon hannu ranar da kwastoma ke tsaye a kansa yana jiran katin biki. Na ce ya kawo ta gida in yana so, ta shago ya bar ta.

Asabar, 18 ga Oktoba

Gwajin da na fi so in yi. Wani maƙwabci ya kawo tsohuwar HP, babu abin da yake so a ciki. Na miƙa filashi ga wata ɗaliba 'yar aji huɗu na sakandare wadda ba ta taɓa ɗora manhaja ba, na ce ga takarda a bango, ni ba na nan. Na koma bayan aji na zauna.

Ta shige F9 da zaɓen filashi ba tare da ta waiwayo ba. Wuri ɗaya ta tsaya, shafin da ke tambaya ko a share ma'ajiya. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, "Malam, wannan in na danna, komai da komai zai tafi?" Na ce komai. Ta juya ga mai kwamfutar ta ce, "Baba, ka tabbata babu hoton da kake so?" Sai ga shi ya tuna akwai hotunan Hajjin mahaifiyarsa. Aka kwashe su tukuna. Ta gama, ta karɓi N500 ɗinta, ƙawayenta suna ta tsiya wai ta zama injiniya.

Abin da ya tsayar da ita ba wuyar aikin ba ce, Turancin ne da nauyin abin da yake faɗa. A jerin harsunan shafin farko akwai Larabci, babu Hausa. Fassarar manhajojin Mint a dandalin Launchpad ake yin ta, kowa na iya shiga ya taimaka. Wannan gudummawa ce da ba ta bi ta banki, kuma mu muka fi kowa iya ta.

A wajen kibod dai an tuna da mu. Akwai tsarin Hausa na Najeriya a cikin jerin, da ƙ da ɗ da ɓ. Na ƙara shi a kan duka, yara suna sauyawa tsakaninsa da na Turanci. Malamin Hausa ya ce wannan kaɗai ya biya shi.

Asabar, 25 ga Oktoba

Aji kamar kullum. An kawo uku daga Rigasa, yara suka yi biyu.

Laraba, 29 ga Oktoba

Alhaji ya buɗe gwangwani gaban shaidu biyu. Kason ɗorawa N8,000 daga kwamfutoci goma sha shida, sauran duk jefawa ce: 'yan ɗari biyu da ɗari biyar, da wata ambulan mai N10,000 ba suna, wadda Alhaji ya ƙirga da sauri fiye da sauran bai kuma ɗago kai ba. Jimilla N38,700. A canjin ranar, da dala ke wajen N1,500, ya kama dala 25 da 'yan canji.

Na so a raba biyu, Mint da Debian. Amma masu karɓar kuɗi ta intanet suna cire kaso cikin ɗari sannan su cire wani tsayayyen abu a kan kowace aikawa, ƙaramin kuɗi in aka raba shi sai yankan ya yi yawa. Muka tsayar: wannan karon duka na Mint, zagaye na gaba duka na Debian.

Aikawar ta fi tarawa wuya. Tun tsakiyar shekarar nan bankuna da dama suka dawo da damar sayayya a waje da katin naira, bayan shekarun da aka yi a rufe, shi ya sa na ɗauka abin zai tafi sumul. Na zuba kuɗin a asusuna, na shiga shafin gudummawa, na bi ta PayPal, kati ya ƙi. Na kira bankin aka ce in je reshe. Na je, na bi layi, wata ma'aikaciya ta duba ta ce katina a buɗe yake, matsalar daga can ce. Na dawo na sake, ya sake ƙi, wannan karon har an riƙe kuɗin, sai bayan kwanaki suka dawo. Na hau keke zuwa da dawowa N1,200, daga aljihuna, ban sa a lissafi ba.

Ƙanena da ke aiki a Abuja yana da katin dala. Na kira shi.

"Yaya, wai wa za ku aika wa dala 25?"

Na faɗa masa. Ya yi dariya har da tari, ya ce shi tun yana jami'a yake amfani da Ubuntu bai taɓa tunanin ana biya ba. Na tura masa nairar, ya aika, ya ƙara dala 5 nasa. Ya turo mini rasit, na buga shi na ba Alhaji ya sa a fayil.

Asabar, 8 ga Nuwamba

Koke biyu. Na farko daga malamai: takardun jarrabawar da aka rubuta a Word, in aka buɗe a LibreOffice layuka suna zamewa, musamman inda Larabci ya haɗu da boko a shafi ɗaya. Yawancin abin daga salon haruffa ne, wanda aka yi rubutun da shi babu shi a nan, sai manhaja ta sa wani mai faɗi daban. Na sauke Carlito da Caladea, masu faɗi ɗaya da Calibri da Cambria, da Amiri don Larabci. Ya gyaru sosai, ba duka ba. Na roƙi malamai duk abin da za a kai bugawa a mayar da shi PDF tukuna.

Na biyu ya fi girma. Masu shirin JAMB suna da wata manhajar gwajin jarrabawa da makaranta ta saya bara, ta Windows ce zalla. Na gwada ta da Wine, mai kunna manhajojin Windows a Linux: tana buɗewa, tambayoyi na fitowa, amma zanen lissafi da na kimiyya fari fat, wurin sa lambar lasisi kuma ba ya amsawa. Yanzu yara goma sha uku ne ke layi a kan Dell ɗaya. Iyaye biyu sun yi magana, ɗaya ya ce da an bar kwamfutocin yadda suke. Na rubuta wa masu manhajar ina tambaya ko suna da wadda ke aiki a burauza. Kafin su amsa, na tsara jadawali, kowane yaro minti arba'in, na kuma buɗe ɗakin daren Litinin saboda su.

Firintar ofis kuwa ana soka ta ta fara aiki, ba a nemi komai ba.

Lahadi, 16 ga Nuwamba

Jerin masu gudummawa ya fito, dala 30 na ciki da sunan ƙanena, tunda katinsa ne. Alhaji ya ce wannan ba daidai ba ne, gumin makaranta ya tafi da sunan mutumin Abuja, zagaye na gaba a tabbatar an rubuta sunan makaranta. An sa a ajanda.

Daga N60,000 an kashe N48,000, har da datar wannan wata. Ragowar N12,000 na so in sa a sabuwar ma'ajiya ta SSD ko da ɗaya ce, don HP ɗin da ke raba wa sauran sabuntawa ma'ajiyarta ta fara ƙara, amma kuɗin bai kai ba, sai an cika. Hunturu ya fara shigowa da ƙura, Hajiya ta ce 'yan ajin ɗinki za su ɗinka wa kowace riga daga ragowar yadi.

Abin da ke gaba kafin hutun zango: a samo amsar masu manhajar JAMB, in babu a nemi kwamiti ya yarda a mayar da Dell ta biyu kan Windows mai lasisi har a gama jarrabawa. A kunna Timeshift a kan duka, don in yaro ya ɓata wani abu a iya komawa baya ba sai an sake ɗorawa ba. Ni da malamin Hausa da ɗalibai huɗu za mu fara zaman fassara ranar Laraba bayan Isha, da shafukan mai ɗorawa za mu fara ko a takarda ne, shafin share ma'ajiya a gaba. Gwangwani kuma za a sake buɗe shi ƙarshen Janairu, na Debian.